Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Duba Makarantun Firamare: Ku Riƙa Leƙa Gwangwanayen Da Ke Bakin Taga

Zuwa ga iyayen gidanmu, masu duba makarantun firamare da shugabannin makarantu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni malamin kimiyya ne a wata firamare ta gwamnati, shekarata 17 ina riƙe da alli. Na zaɓi in yi muku maganar nan a fili domin ba ta ofis ɗaya ba ce, kuma in na kai ta gaban mutum ɗaya sai ya ɗauka shi na zo wa da ƙorafi.

Wata Talata cikin hunturun bara, wajen ƙarfe 11, ɗaya daga cikinku ya iso makarantarmu a kan babur. Ya leƙa aji biyar, ya tarar ba kowa, allo kuma wayam. Muna bayan ginin, ni da yara 94. Mun kafa karan dawa guda 10 a ƙasa, kowane rukuni ya zagaye nasa, suna aza tsakuwa daidai inda kan inuwar ya tsaya. Tun ƙarfe 8 muke leƙowa duk bayan awa ɗaya, minti biyar kawai mu koma, da yardar malamar ajin. Tsakuwoyin har sun ja layi, kowace ta fi ta baya kusa da gindin karan. Ya kira ni gefe, cikin mutunci, ba zan yi masa ƙage ba. Ya duba lesin not ɗina, wato takardar shirin darasi, ya karɓi littattafan yara uku, ya ga rabonsu da kwafar rubutun kimiyya kwana shida. Abin da ya bari a rajistar baƙi shi ne yara suna wasa a waje lokacin darasi, malami ya ƙara ƙoƙari wajen ba da rubutu. Bai tambayi yaro ko ɗaya abin da tsakuwoyin nan suke yi a ƙasa ba. Da ya tambaya, da wata yarinya ta gaya masa abin da ta gaya mini da aka tashi, bayan ta ga inuwar ta gama tsukewa ta soma miƙewa ta ɗaya gefen: "Malam, ashe da wannan kakana yake gane azahar ta yi, shi da ba ya ɗaura agogo."

Ban ga laifinsa ba. Takardar da aka ba shi ya cika ita ce ta tsara masa inda zai kai ido: an sa wa lesin not hannu, sikim, wato jerin darussan zango, ya kai mako nawa, rajista ta cika, littattafan yara suna da rubutu. Mu kuma malamai ba wawaye ba ne, mun daɗe da gane abin da ake zuwa nema, shi muke tanada. Allo cike da Turanci, yara su kwafa, su maimaita da ƙarfi kamar waƙa har ajin maƙwabta ya ji. Yaron aji huɗu zai jero muku siffofin abu mai rai tas da Turanci ba tuntuɓe. Ku tambaye shi da Hausa ko busasshen waken da ke hannunku yana da rai, sai ya dubi silin.

Da waken nan nake buɗe darasin tsiro, bari in gaya muku yadda yake tafiya, don ku ga abin da ba ya fitowa a takardarku. Kowane rukuni yana kawo gwangwanayen madara huɗu da tsumma da wake ɗan cikin tafin hannu. Na ɗaya tsumma jiƙaƙƙe da wake a kai, a ajiye bakin taga. Na biyu tsumma busasshe. Na uku a cika shi da ruwa har waken ya nutse can ƙasa. Na huɗu kamar na ɗaya, amma a tura shi cikin kwali a rufe, ba haske ko kaɗan. Babu ƙasa a ko ɗaya. Kafin a ajiye su sai in tambayi ajin wanne zai tsiro, kowa ya ɗaga hannu, in ƙirga in rubuta adadin a kusurwar allo, in ce kada wanda ya goge. Duk shekara mafi yawansu cewa suke babu wanda zai tsiro, ai ba a shuka a tsumma. Masu ɗan ƙarfin hali su zaɓi na uku, wai ya fi samun ruwa. Na cikin kwali kuwa da wuya ya sami mai goyon baya.

Kwana uku zuwa biyar sai gardama ta tashi. Na ɗaya ya fasa, saiwa ta leƙo fara sol. Na biyu yana nan yadda aka bar shi. Na uku ya kumbura, ruwan ya yi kumfa, wari ya cika wajen, duk wanda ya sunsuna sai ya yi baya yana toshe hanci. Aka buɗe kwali, ga wake ya tsiro, bayan mako ma ya fi na taga tsawo, sai dai siriri ne, rawaya, kamar mai jinya. Anan nake yin shiru in bar su. Wani ya ce na uku ruwa ne ya yi masa yawa. In ce to me ruwan ya hana shi samu? Sai wani ɗan manomi ya tuna shekarar da ruwa ya kwanta a gonarsu irin ya ruɓe. A hankali su kai kansu ga iska. Haka za su fitar da cewa iri yana bukatar ruwa da iska da ɗumi kafin ya tsiro, haske kuwa sai ganye ya fito yake zama dole. Layi biyar ne rubutun darasin nan gaba ɗaya, kuma daga bakinsu nake ɗauka in gyara in sa a allo a rana ta ƙarshe. Sauran abin da ke littafinsu zane ne, hoton waken kowace rana da kwanan wata a gefe. Mai duba makaranta da ya zo a rana ta huɗu zai ga littafi ba rubutu. Gwangwanayen suna nan bakin taga, taku uku daga inda ya tsaya.

Na san abin da za ku ce, domin shi abokan aikina suke cewa: wannan sai ajin 'yan gata. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35, mu kuwa muna da 90, wasu 120, rabi a ƙasa kan buhu. Gaskiya ne, kuma ba na raina wahalar. Amma yawan ne ma ya sa rubutun allo ya fi cutarwa, domin na baya ko harafin ba ya hangowa, kwafar na gabansa yake, har kuskuren. Abin da ya fisshe ni shi ne rukuni na dindindin. Tun makon farko nake raba ajin gida 10, kowane gida da sunan da suka zaɓa, su zauna a haka zangon duka. A kowane gida akwai mai kawo kaya, mai aunawa, mai zane a babbar takarda, da mai tashi ya faɗa wa aji abin da suka gani. Aikin yana zagayawa duk mako. Wannan zagayen ba ado ba ne. In ka bar su da kansu, cikin kwana biyu za ka ga 'yan mata sun koma ɗebo ruwa da share wuri, maza sun riƙe batir da waya. Na sha karɓe ƙwan tocila daga hannun ƙaton ajin in danƙa wa yarinyar da ba ta taɓa magana ba.

Ga shugabannin makarantu kuma, ajin da ake wannan aiki yana da hayaniya. Ku daina aiko monita da bulala ya tambaya ko babu malami a ciki. Ku tako da kanku ku saurara, za ku bambance surutun banza da musu a kan ko allura za ta yi iyo a ruwa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi, ita ce jira. Wata malama Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta yi shekaru tana naɗar muryoyin darussan kimiyya a firamare, a farkon shekarun 1970 ta nuna cewa malami in ya yi tambaya kusan daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani. Da aka sa malamai suka riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka soma sa baki. Na gwada, ya fi yadda ake zato wuya. Shirun yana yi wa malami nauyi, sai ka ji kamar ajin ya kuɓuce maka. Ni a zuci nake ƙirgawa zuwa goma ina kallon taga. Haka kuma ba na dukan yaro ko in bari a yi masa dariya don hasashensa bai ci ba. Ranar da aka yi wa ɗaya "wo", washegari ba mai ɗaga hannu sai ya ga inda monita ya ɗaga.

Maganar kayan aiki ita ce babban uzurinmu, mu da ku. Babu ɗakin gwaji, babu kaza da kaza. Ga abin da naira kaɗan take yi. A jiƙa zoɓo a tace, a zuba a ƙananan robobi masu haske. A ɗiga lemun tsami a ɗaya, ja ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a wani, nan take ya rikiɗe ya yi duhu yana ɗaukar kore-kore. Ranar farko da na yi, wani yaro ya miƙe ya ce Malam ya yi siddabaru. Na ce to zo ka yi naka. Suka gwada ruwan tsamiya da ruwan toka da ruwan sabulu, suka jera robobin gida biyu, masu bin lemu da masu bin kanwa. Sai na ce a ɗauki wanda kanwa ta mayar baƙi a riƙa ɗiga masa lemu a hankali. Jan ya dawo. Wata yarinya ta ce shi ya sa Inna take jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa in tsami ya yi yawa. A jami'a ma abin da za a gaya mata ke nan, da dogon Turanci. Doka ɗaya ce a darasin, kuma tun kafin a buɗe roba nake kafa ta: ba a ɗanɗana komai, ko da zoɓo ne, ba a kai hannu ido.

Maganaɗisu yana cikin lasifikar kowace matacciyar rediyo, mai gyara zai ba ka kyauta ko ya karɓi abin shan ruwa. Tsohuwar tocila tana da ƙwai da waya. Gwangwani uku da aka huda gindinsu, a cika ɗaya da rairayi, ɗaya da yumɓu, ɗaya da ƙasar gona, a zuba musu ruwa daidai wa daida, sun isa yaro ya gane dalilin da ake shuka shinkafa a fadama, gero a jigawa. Jigon masu lambu darasin ɗaga nauyi ne a tsaye. Zugazugin maƙeri zai nuna wa yaro cewa wuta da iska take ci fiye da duk zanen da zan yi. Wanda makarantarsa take kusa da marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, ya kai yara su ga zane yana fitowa daga rijiyar baba da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu.

Inda nake so in daɗe shi ne randa, domin tana kowane gida kuma ba mai tambayar ta. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, alhali a ɗaki ɗaya suka kwana? Ba ni da ma'aunin zafi, ban kuma bukace shi ba. Kowa ya jiƙa bayan hannu ɗaya, ya bar ɗaya a bushe, ya fifita su da littafi. Wanne ya yi sanyi? Ina ruwan ya tafi? Sai mu naɗe gwangwani biyu na ruwa, ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya da busasshe, mu ajiye inda iska take bi, bayan tara mu tsoma yatsa. Daga nan su shafa jikin randa su ji danshin da take tsatsowa. Ruwan da ke tashi ya bi iska yana tafiya da zafi, shi ne aikin gumi a jikin mutum, shi ne aikin randa. In sun kama wannan sai in ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a jihar Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya riƙa kai kwana 27, ba lantarki. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a kan wannan. Ina ba su labarin ne a ƙarshe, bayan hannunsu ya riga ya ji sanyin, kuma ina lura da yadda suke gyara zama in suka ji sunan Jigawa. Tambayar da nake sallamarsu da ita gida: me ya sa randa ba ta sanyi sosai da damina? Mako guda suna kawo mini amsoshi, har da na iyayensu mata.

Tambayar nan ta damina ta kawo ni ga sikim. Na taɓa shan kunya da ba zan manta ba. Na shirya darasin nan da ake goga biro a gashi ko a riga ya ɗauki gutsattsarin takarda. Na gwada a gida cikin Janairu, takarda tana tsalle. Sikim ya ajiye darasin a zango na uku, na zo yin sa cikin Yuli bayan an kwana ana ruwa. Na goga, na goga, har kaina ya yi zafi, takarda ko motsi. Yara suka yi ta ƙunshe dariya. Danshin iska ne ya kwashe cajin lantarkin da gugar take tarawa a jikin biro, abin da ban sani ba a lokacin. Tun daga nan nake bin yanayi. Goga biro da bushewar wanki da sanyin randa na hunturu da bazara ne. Talibambam da tsutsar sauro da auna ruwan sama a gwangwani na damina ne da farkon zangon Satumba, lokacin da kowane kududdufi yake cike da su. Tsutsar sauro a kwalba, an ɗaure bakinta da guntun gidan sauro, cikin mako ɗaya ko biyu yara za su ga sauro ya fito da fikafikansa, daga ranar ba sai an roƙe su su kifar da gwangwanayen bayan gida ba. Amma in na ɗauko darasin mako na tara na yi shi a mako na biyu don ruwa bai ɗauke ba, sai a ja mini jan biro a dayari, littafin da malami yake rubuta abin da ya koyar. Ina roƙonku ku bar malami ya sauya jerin darussa matuƙar ya rubuta dalili kuma ya cika su kafin shekara ta ƙare.

Karan dawar nan ma aikin shekara ne. A ƙasar Kano, cikin Disamba inuwar tsakar rana arewa take kwanciya, cikin Yuni ta koma kudu, sannan sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da bayan tsakiyar Agusta, rana takan tsaya a tsakar ka har inuwar ta kusa ɓacewa a gindin karan. Yaran nan da yamma suna Islamiyya suna haddace zawali da lokacin da inuwar abu take kai tsawonsa a shiga la'asar. Ba su taɓa haɗa wancan karatu da na safe ba sai da suka ga tsakuwa a ƙasa. Haka wata. Ranar da aka ga jinjirin wata nake cewa kowa ya soma zana shi duk dare, ya rubuta a wane gefen sama ya gan shi. Kafin kwana 29 ko 30 su cika, su da kansu suke zuwa da ƙorafin cewa wata ya daina fitowa da magariba, sai can cikin dare.

Sai harshe. Ba zan shiga gardamar manya ba, manufar harshen koyarwa tana sauyawa daga wannan gwamnati zuwa waccan, mu na cikin aji mu ne muke kwana da sakamakon. Abin da na sani shi ne yaro ba ya iya musu da harshen da bai mallaka ba, kimiyya kuwa rabinta musu ne. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin nan na Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk shekaru shida na firamare da Yarabanci, har lissafi da kimiyya, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun wuce su. Manufar ilimi ta 1977 ita ma ta amince a soma da harshen uwa a shekarun farko. Ni yadda nake yi, a gani da ido, a yi gardama da Hausa, da kalmominmu na tururi da raɓa da tsatsa da narkewa da daskarewa, sannan a ƙarshe in ba da sunayen Turanci, kada su wuce biyar a darasi, a rubuta su gefen zanen. Jarrabawa da Turanci take zuwa, na sani, ban kuma hana su shi ba. Amma kalmar da aka rataya wa abin da yaro ya riga ya taɓa ta fi zama. Don Allah in kun shigo kun ji ana Hausa a darasin kimiyya na aji biyar, ku tsaya ku ji me ake cewa kafin ku rubuta.

Kada ku ɗauka wani sabon abu na ƙirƙiro. A Kano aka yi taron 1965 da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka ta hanyar taɓawa da bincike, da kayan da ke kewaye da yaro. A shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin inganta firamare a jihohin Arewa a kan irin wannan turba. A 2006 aka soma shirin horar da malaman lissafi da kimiyya mai suna SMASE da taimakon ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato, kuma ginshiƙinsa ke nan: yaro ya yi da hannunsa, malami ya ƙirƙiri kayan aiki daga abin da ya samu, ya koyar, ya duba inda ya kasa, ya gyara. Wasunku sun halarci bitar, wasunku ma su suka koyar a cikinta. Malami yakan dawo daga irin wannan bita da zafinsa, ya yi mako biyu yana tara murafan kwalba, sai mai duba makaranta ya zo da takardar nan tasa da ba ta sauya ba. Zango bai ƙare ba ya koma allo.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Na fito da NCE, takardar shaidar malanta, ban taɓa kunna ƙwan tocila da batir da waya da hannuna ba, a takarda kawai na zana shi na ci maki. Wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa ne ya nuna mini, yana dariya. Da yawa cikinmu tsoron gwajin muke, kada ya ƙi yi a gaban yara. Wasu kuma rabin sani ke gare su, wanda ya fi haɗari. Na ga inda aka tace ruwan kududdufi da tsakuwa da yashi da gawayi a yankakkiyar gora, ya fito garau, aka bar yara da tunanin ya zama na sha. Bai zama ba, ƙwayoyin cuta suna nan, sai an tafasa. Maganin wannan ba bitar kwana biyar a otal ba ce. Ku haɗa malaman kimiyya na makarantu biyar ko shida da ke kusa, sau ɗaya a wata, awa biyu, kowa ya zo da kayan darasin da zai yi, mu gwada a tsakaninmu, ya ƙi yi a gaban manya kafin ya ƙi a gaban yara. Ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, tana nan tun 1957, amma malamin firamare na ƙauye da wuya ya san hanyarta. Ku ne kuke zagaya makarantu, ku ne za ku iya haɗa mu.

Akwai kuma akwatin nan. Kun san shi. Makarantu da dama an taɓa kawo musu kayan kimiyya, madubin ƙara girma da ma'aunin zafi da sikeli, suna ofishin hedimasta a kulle, wasu ko ledarsu ba a ɓare ba. Na taɓa neman madubi ɗaya don yara su dubi ƙafar tururuwa, aka ce in ya fashe wa zai biya in masu ƙirga kaya sun zo. Shi ma hedimastan gaskiyarsa ce, ana tambayarsa ko kayan sun cika, ba a taɓa tambayarsa ko an taɓa su ba. Takarda ɗaya daga gare ku da ta ce abin da ya lalace a hannun yara lokacin darasi ba a cire wa kowa a albashi, ta isa ta buɗe kwadon.

Za ku tambaye ni ko ina gama manhaja a haka. Ba kowane darasi nake yi da gwangwani ba, ƙarya ne in ce haka. A zango ɗaya in na sami biyar ko shida na yi su sosai, na gode Allah, sauran bayani ne da zane da tambaya. Minti 35 ba ya isar rabon kaya da gwaji da tattarawa, shi ya sa nake roƙon a haɗa mana darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, abin da hedimasta zai iya yi da fensir a jadawali in kun ba shi baki. Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne, darussan da aka taɓa da hannu ba na sake bitarsu kafin jarrabawa, suna nan. Waɗanda aka kwafa su nake maimaitawa sau uku.

Ban ce ku daina duba lesin not da rajista ba, akwai malalata a cikinmu da ba don ku ba ko ajin ba za su shiga ba. Ƙari nake nema a takardar taku. In kun shigo, ku dubi bakin taga da bayan aji, ko akwai wani abu da ke tsirowa ko ake aunawa. Ku buɗe littafin yaro ku ga ko akwai zanen da shi ya yi da kwanan wata. Ku ɗauki yara uku, ɗaya daga layin baya, ɗaya mace, ku tambaye su da Hausa me suka gani da idonsu a makon nan, kuma ta yaya suka san haka ne. Minti goma ya isa. In kuka soma tambayar wannan a makarantu, kafin zango ya ƙare labari zai zagaya, za ku ga gwangwanin madara ya yi tsada a unguwa.

Mu dai a makon gobe za mu jiƙa wake, in Allah ya kai mu. Wanda hanya ta biyo da shi daga ranar Alhamis ya tsaya, akwai yaron da zai buɗe masa kwali. Gwangwani na uku kuma a sunsuna shi daga nesa.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Naku,
Malamin kimiyya na aji huɗu zuwa shida.